Yadda Dattijuwa Mai Sana'a Za Ta Rage Wa Kanta Wahala Ba Tare Da Ta Bar Sana'ar Ba

Duk macen da ta daɗe tana sana'a a cikin gida, ko atamfa take sayarwa, ko turaren wuta, ko man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, idan shekaru suka ja, gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara neman tabarau, za ta tarar masu ba ta shawara sun kasu kashi biyu, kuma dukkansu ba su gane abin da ke cin ta ba. Kashi na farko 'ya'yanta ne, waɗanda saboda tausayi sukan ce, "Umma, ki ajiye sana'ar nan ki huta, mu za mu ɗauke miki komai," alhali kuwa ba su lura ba cewa sana'ar ita ce ke kawo mata jama'a gida, ita ce kuma ke ba ta ikon yin zumunci da sadaka da abin hannunta ba tare da ta jira wani ya miƙo mata ba. Kashi na biyu 'yan zamani ne, masu cewa ta ƙaro haja, ta buɗe shafi a Instagram, ta riƙa ɗaukar hoton kaya dare da rana, alhali aikin da ke hannunta ma ya riga ya fi ƙarfin jikinta.

Ni da na daɗe ina sayar da zannuwa a cikin gida a Kano, na kuma zauna da ƙawaye da 'yan'uwa da dama muka warware lissafinsu a kan tabarma, abin da na tabbatar shi ne, saye da sayarwa ba su ne ke tsufar da mu ba. Abin da ke tsufar da mu wasu ɗabi'u ne da suka manne wa sana'ar tun muna da ƙuruciya, muka ci gaba da ɗaukarsu bayan ƙarfin da muka fara da shi ya ragu: bashin kunya, da tara haja iri-iri, da riƙe lissafi a ka, da barin ƙofa a buɗe ba lokaci, da hana kowa taɓa aikin. Ga yadda ake sauke su, Yaya Hajiya, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ki je asibiti a auna miki jini da sukari, a duba miki ido, domin wataƙila wani ɓangare na gajiyar da ake ɗora wa kasuwa ciwo ne wanda ba a sani ba.

Na biyu, ki sayi littafi. Ba na nufin littafin 'yan makaranta mai bangon takarda wanda jika zai yage shafinsa, kuma ba na nufin bayan kalanda ko kwalin sabulu. Littafi mai kauri mai taurin bango nake nufi, irin dogon nan da masu kanti ke amfani da shi, kuɗinsa ba zai kai ribar turmi ɗaya ba. Kada ki yarda da wanda zai ce a rubuta miki a cikin waya, gama waya takan faɗa ruwa, akan sace ta a adaidaita sahu, kuma abin da ba ki iya buɗewa da kanki ba naki ba ne. Idan boko ya yi miki wuya ki rubuta da ajami, ba wani aibu a ciki. Idan kuwa hannu yana rawa, ki zaɓi yarinya ɗaya mai natsuwa ta riƙa rubutawa a gabanki tana karanto miki. Sa'an nan ki keɓe yini guda, ki rufe ƙofa, a fito da duk abin da ke cikin akwatuna da ƙarƙashin gado da bisan kwaba, a ƙirga, a rubuta kowane kaya da kuɗin da aka saro shi. A wannan yinin ne za ki ga leshin da ya shekara biyu a ƙasan akwati har ninkin ya yi masa layi, da takalman da yayinsu ya wuce tun bikin da kika saro su dominsa.

Na uku shi ne rage haja, kuma ba shi da wuya sai ga zuciya. Yawancinmu da abu ɗaya muka fara, sai wata ta ce, "Hajiya, ba kya kawo mayafai ne?" muka ƙara mayafai, wata ta tambayi humra, wata kayan kicin, wata zanen gado, har ɗaki ya koma kasuwa, alhali kowace haja tana da tata kasuwar da za a je sari, da nata dilan da za a yi ciniki da shi, da nata farashin da za a riƙe a ka. Ki duba littafin nan bayan wata ɗaya ko biyu, za ki ga abu biyu ko uku ne ke juyawa, su ne kuma aka san ki da su. Waɗannan ki riƙe. Sauran da suka yi kwantai ki karyar da su, ko da a kan uwar kuɗi ne, ko da ƙasa da haka kaɗan, ki ba dillaliya ta zaga da su gidaje a kan la'ada, ki mai da kuɗin cikin abin da ke tafiya. Na san zafin sayar da kaya a faɗuwa, amma kayan da ke kwance ba ya haihuwa, kuma idan ke mai juya kaya ce kullum, wadda malamanmu na Malikiyya ke kira mudiri, to duk shekara sai kin yi masa ƙima kin haɗa cikin abin da za ki fitar wa zakka, watau kashi ɗaya cikin arba'in, matuƙar dukiyar ta kai nisabi. Kin ga ke nan kina ciyar da kayan da ba ya ciyar da ke.

Yanzu sai na huɗu, babban al'amari, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami, watau bashi. Sana'ar cikin gida a ƙasar Hausa a kan bashi ta ginu, domin masu sayen kayanmu ba baƙi ba ne masu wucewa, maƙwabta ne da dangin miji da ƙawayen Islamiyya da surukai, mutanen da za ki haɗu da su gobe a wajen suna, jibi a wajen ta'aziyya. Mace za ta zo ta zauna, ku gaisa, ku tambayi juna yara, ta ɗaga turmi ta duba gefensa, ta ce, "Wannan ya yi mini, Hajiya, a ajiye mini lissafi zuwa ƙarshen wata idan an yi albashi," ke kuwa harshenki ya yi nauyi, ki ce, "Ba komai, Allah Ya kai mu." Ƙarshen wata ya zo ya wuce, sai ki fara aika yaro, ya dawo ya ce ta ce maigida bai ba da ba tukuna, sai ki fara kwana kina lissafi a zuci, sai ki gan ta a wajen biki sanye da zanen, ki rasa inda za ki sa idonki. Wannan kwanan lissafin shi ne ke tayar da jini, ba ɗaga turmin atamfa ba. Daɗin daɗawa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 Naira kuma ta faɗi, farashi a Kantin Kwari ya riƙa tashi tsakanin sari da sari, har ya zama kuɗin da aka biya ki bayan wata huɗu ba ya iya maido miki da turmin da kika bayar. A takarda kin ci riba, a akwati kuwa jari ya ragu, kamar mai ɗiban ruwa da tulun da ke yoyo.

Maganin yana da hawa uku, kuma kada ki tsallake ko ɗaya. Hawa na farko, ki rubuta duk wanda kike bi, suna da adadi da lokacin da aka karɓa, kome ƙanƙantarsa, kome kusancin mai shi. Idan zuciyarki ta raya miki cewa rubuta sunan ƙanwar miji rashin kara ne, ki tuna ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware dangi ba. Wanda Ya halicce mu Ya san mantuwarmu da musunmu, shi ya sa Ya yi umurni da alƙalami.

Hawa na biyu, ki raba sunayen nan gida uku, ki yi wannan ke kaɗai bayan sallar asuba, lokacin da hankali ke kwance. Gida na farko, masu hali waɗanda mantuwa ko sakaci ya hana su biya. Waɗannan ki kira su da kanki, kada ki aika yaro, domin aiken yaro yana ba mutum damar amsawa da abin da ba zai iya faɗa wa idonki ba, ki gaishe ta da mutunci ki ce, "Maman Abba, ina rufe tsohon littafi ne saboda sabuwar shekara, na ga akwai saura kaza, yaya za mu yi, gaba ɗaya ko kashi biyu?" Ki lura ba ki tambaye ta ko za ta biya ba, kin tambaye ta yadda za ta biya, sa'an nan ki sa rana, ki rubuta ranar tana ji. Gida na biyu, waɗanda suke son biya amma hali ya gaza, kamar wadda mijinta ya rasu ko ya rasa aiki. Waɗannan shari'a ta ce a yi musu jinkiri har su sami yalwa, ta kuma nuna yafewa ya fi alheri, kamar yadda ya zo a aya ta 280 ta wannan sura. Idan za ki iya, ki yafe, ki gaya mata kin yafe don ita ma ta sami barci, ki ja layi a kan sunanta. Sai dai ina gargaɗinki da abu ɗaya wanda na ga mata da yawa suna yi da kyakkyawar niyya: kada ki lissafa bashin da kika yafe a matsayin zakkarki ta bana, gama a mazhabarmu wannan ba ya isarwa, sadaka ce, ladanta daban, zakka kuma tana nan a wuyanki. Gida na uku su ne waɗanda suka mai da cin bashi sana'a, masu karɓa a nan su karɓa a can, waɗanda idan kin yi magana su riga ki fushi. Ki nema sau ɗaya a gaban wata dattijuwa da take jin nauyinta; in ya fito, alhamdu lillahi, in bai fito ba ki bar wa Allah, amma kada turminki ya sake shiga hannunta sai da kuɗi. Magabata sun ce kunyar mara kunya asara ce, kuma a nan ne maganar ta fi zama daidai.

Hawa na uku shi ne rufe ƙofar sabon bashi, kuma a nan ne yawancin mata ke komawa gidan jiya, saboda sukan yi doka sa'an nan su ware mutum biyu, kafin wata ya ƙare labari ya zaga cewa an ba wance an hana wance, sai gaba ta fi ta da. Dokar ta zama ɗaya ga kowa, ki kuma tanadi jumlar da za ki faɗa tun kafin a tambaye ki, don kada kunya ta riga ki magana. Abin da na ga ya fi aiki shi ne a juya bashin: mai son kaya ta ba da kafin alƙalami, a ɗaure turmin a leda a rubuta sunanta, ta riƙa kawowa da kaɗan-kaɗan, ranar da ta cika ta ɗauka. Ta samu sauƙin da take nema, ke kuma kayanki na ɗakinki. Ki sa wa'adi, wata ɗaya ko biyu, ki kuma faɗa tun farko cewa idan wa'adi ya wuce za a mai da mata kuɗinta cif a sayar wa wata. Za ki rasa masu saye, wannan babu shakka, wataƙila ma waɗanda suka fi yawan zuwa; amma idan kika duba littafi za ki ga su ne sunayen da suka cika gida na uku.

Game da taransifa, wadda ta shigo mana gida tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, magana ɗaya ce: kada ki saki kaya don an nuna miki hoton rasit a waya, sai kin ga kuɗin a asusunki. Lambar sirrinki kuwa ba ta yaro ba ce, ba ta mai POS ba ce, ba ta wanda ya kira ya ce daga banki yake ba.

Mataki na biyar ya shafi biki da adashi, kuma na san a nan zan taɓa abin da wasu ba sa son a taɓa. Gudummawa zumunci ce, kuma wadda ta aurar da 'ya'ya ta san abin da mata suka yi mata, lalle ne ta rama. Amma ɗabi'ar zura hannu cikin kuɗin kaya duk ranar da aka kawo katin biki, da shiga kowane anko don kada a ce ba a gan ki ba, ita ce ke sa mace ta shekara tana ciniki ta rasa inda jarinta ya shiga. Ki yanka wa kanki albashi daga riba, adadi sananne kowane mako, ki sa shi a wata jaka dabam. Daga nan cefane, daga nan gudummawa, daga nan kyautar jikoki, idan ya ƙare ya ƙare. Adashi kuwa, ki tsaya a guda ɗaya wanda zubinsa ba ya hana ki barci, ki shirya kwasarki ta faɗo lokacin sarin azumi. Idan ke ce uwar adashi, ina roƙonki ki kammala wannan zagayen ki miƙa wa wata mai sauran ƙarfi, domin amanar kuɗin mutane, da bin wadda ta kwasa ta daina zubi, da cikawa daga aljihunki don kada sunanki ya ɓaci, nauyi ne da bai kamaci mai shekara sittin ba, kuma idan ajali ya zo ba shiri, magada ne za a bari da rigimar da ba su san kanta ba.

Na shida, ki sa wa sana'arki lokaci. Daga hantsi zuwa azahar, sa'an nan bayan la'asar zuwa kusan magariba, ya isa. Tsakanin nan ƙailula ce, bayan magariba kuma na iyali ne da lazimi. Ki gaya wa yaran gida su riƙa cewa, "Hajiya ta shiga, sai la'asar," ki kuma jure kada ki leƙo don kin ji muryar wadda kika sani, gama leƙowa ɗaya ta rushe dokar. Waya ita ma ƙofa ce: saƙon murya na WhatsApp da ake turowa ƙarfe goma sha ɗaya na dare ana tambayar ko akwai kalar ruwan toka, zai iya kwana har gari ya waye. Ki sa farashi ɗaya a kan kowane kaya, ki daina dogon ciniki. "Albarka" sau ɗaya ta wadatar.

Na ƙarshe shi ne sakin aikin ƙafa, watau zuwa Kwari cikin cunkoso da rana, da hawa benayen shaguna, da jayayya da 'yan dako. Ki tsai da dila ɗaya ko biyu waɗanda kuka daɗe tare, su riƙa turo miki hoton sababbin zane, ki zaɓa da idonki, domin idon da ya san abin da matan unguwarki ke so shi ne jarinki na gaskiya wanda ba a aika yaro da shi. Sa'an nan wani ya je ya karɓo. Wanda za ki wakilta, ko 'ya ce ko suruka ko ɗan ƙanwa, kada ki ce ai na gida ne ba sai an yi magana ba. Aikin da ba lada ba ya daɗewa, kuma wanda ba a yanka wa haƙƙinsa ba wata rana zai yanka wa kansa. Ko dai ki biya shi ijara sananniya, ko kuwa idan kin ga ya ƙware ki ba shi jari a kan ƙiradi, irin ma'amalar da aka san Larabawa da ita tun zamanin da Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, take aika dukiyarta fatauci zuwa Sham. Sharuɗɗansa suna nan a littattafan malamanmu na Malikiyya: jarin ya zama tsabar kuɗi ba kaya ba, rabon riba kuma akan yi shi da kaso, rabi ko sulusi, ba adadin Naira da aka yanke tun farko ba, idan kuma aka faɗi ba da sakaci ba, faɗuwar a kan jari take. Ki kira malamin unguwa ya rubuta muku, shaidu biyu su sa hannu, ki sanar da sauran 'ya'yanki don kada zargi ya taso bayan ranki. Bayan haka sai ki kame bakinki daga gyara masa kowane ɗauri da kowace gaisuwa. Ku zauna ranar Alhamis da yamma ku duba littafi tare, shi ke nan.

Kada ki fara wannan gyara a Sha'aban ko cikin azumi, lokacin da kasuwar zane ke kan ganiyarta kuma kowa ke neman kayan salla, domin za ki haɗa wa kanki aiki biyu ki kuma ɓata da mutane a lokacin da suka fi bukatarki. Ki bari sai bayan Babbar Salla, sa'ad da ciniki ya lafa, ki yi ƙirga da rabon sunaye a watan Muharram, ki sanar da sabuwar dokar bashi tun da sauran watanni kafin azumi mai zuwa, don kowa ya san inda aka kwana. Littafin kuwa, Yaya Hajiya, ki aika a sayo miki shi yau.